Filin yaƙi a kan tebur: Yadda aikin gayya ke sake gina Waterloo da soso, gam da tsinken ashana

A ranakun 15 da 16 ga Yunin 2019, wani babban zaure a Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya ya cika da sojoji fiye da 20,000. Akwai mahaya dawakai, akwai dakarun ƙasa sahu-sahu, akwai masu igwa da kekunan albarushi. Amma ba a ji ƙarar bindiga ko sau ɗaya ba, domin tsawon kowane soja milimita 28 ne kacal, bai fi gaɓar yatsa ba. Da dalma ko roba aka zuba su, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da buroshi, har maɓallin riga da igiyar linzami.

A tsaye a kansu kuwa manyan mutane ne: malaman jami'a, ɗalibai, tsofaffin sojoji da ma'abota wannan wasa daga ƙasashe daban-daban. Kowa na riƙe da tef ɗin awo da ƙwayoyin ludo. Abin da ya tara su shi ne su sake gwabza Yaƙin Waterloo, wanda aka yi ranar Lahadi 18 ga Yunin 1815 a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, yaƙin da ya kawo ƙarshen mulkin Napoleon na Faransa. Farfesa Tony Pollard, masanin tono tarihin filayen yaƙi a jami'ar, shi ya jagoranci shirin, domin tara kuɗi ga ƙungiyar agaji ta Waterloo Uncovered da ke aiki da tsofaffin sojoji.

Mai kallo zai fara tambayar inda waɗannan sojoji suka fito. A ƙaddara kowane ɗaya yana cin awa guda kafin a gama masa fenti, wanda ga mai son aiki ya yi kyau hakan ma sauri ne. Sojoji 20,000 za su ci awa 20,000 ke nan. Mutum ɗaya da ke aikin awa takwas kullum, babu hutun Juma'a babu na Lahadi, sai ya kusa shekara bakwai kafin ya ajiye buroshi. Kuma wannan lissafin sojoji ne kawai, ba a zo kan tuddai da gonaki da gidajen da za su tsaya a kai ba. Shi ya sa duk babban tebur irin wannan aikin gayya ne, kuma yadda ake gudanar da gayyar ya fi wasan kansa abin dubawa.

Wasan da ya fito daga bariki

Ba a matsayin nishaɗi aka fara wannan abu ba. A 1812 wani jami'i mai suna Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku na Furushiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamusawa a lokacin, wani tebur mai aljihuna. A ciki akwai 'yan fale-falen da aka sassaƙa da siffar tudu, kogi, hanya da ƙauye, waɗanda ake jera su yadda ake so a samu fili sabo. A 1824 ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara dokokin wasan ya mayar da shi kan taswira ta gaskiya. Shugaban hafsoshin ƙasar, Janar von Müffling, da ya kalli gwajin, ya yanke hukuncin cewa wannan horon yaƙi ne, ya ba da shawarar a kai shi ga rundunoni. Daga nan aka gaji al'adar yi wa ɓangare ɗaya launin shuɗi, ɗayan kuma ja. Bayan Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayo. Har yau sojojin duniya, da na Najeriya a ciki, suna tara yashi su siffanta fili da tsakuwa da zare kafin a fita aiki.

Wanda ya fito da wasan daga bariki zuwa falon gida shi ne marubucin Ingila H. G. Wells, da littafinsa Little Wars na 1913. Daga baya kasuwa ta shigo. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma yake da hedikwata a Nottingham, ya fito da Warhammer a 1983, ya bunƙasa har ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a ƙarshen 2024.

Tsarin wasan bai da wuyar fahimta. Kowace runduna tana da nisan da za ta iya tafiya a zagaye ɗaya, ana auna shi da tef. Kowace bindiga tana da iyakar inda take kaiwa. Ƙwayar ludo ke yanke ko harbi ya samu, ko sojoji sun tsaya ko sun tsere. Tudu yana ɓoye runduna, katanga tana kāre ta, laka tana rage mata gudu. Saboda haka filin da aka gina ba ado ba ne. Idan aka gina shi ba daidai ba, yaƙin da za a yi a kansa ma ba zai zama daidai ba.

Mutumin da ya ɗauki jinka shi kaɗai

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tarihin Waterloo a kan tebur ya fara ne da mutumin da ya gwada ɗauka, kuma ta danne shi.

A 1830 babban kwamandan sojojin Birtaniya, Lord Hill, ya ɗora wa wani ƙaramin hafsa masanin safiyo, William Siborne, aikin gina samfurin filin Waterloo. Siborne ya tafi Beljiyam ya tare a gidan gona na La Haye Sainte, wanda ke tsakiyar filin, ya shafe wata takwas yana awo. Ya tarar filin ya riga ya sauya. Sarkin Holan ya sa an tara wani tudu mai tsawon kusan mita 40, aka ɗora gunkin zaki a kai, a wurin da aka raunata ɗansa. An kammala tudun a 1826, kuma ƙasar da aka tara shi da ita an kankaro ta ne daga kan tsaunin da sojojin Wellington suka tsaya. Dole Siborne ya lissafa yadda wurin yake kafin a taɓa shi.

Bai tsaya a awon ƙasa ba. Ya aika da takarda ga hafsoshin da suka tsira daga yaƙin, yana tambayar kowa inda rundunarsa take da misalin ƙarfe bakwai na yamma, da abin da ya gani a gabansa. Ya samu amsoshi kusan 700. Wasiƙun nan suna ajiye a Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, kuma har gobe suna cikin manyan madogarar duk mai rubutu kan Waterloo.

Ana tsakiyar aiki gwamnati ta sauya, kuɗin hukuma ya tsaya. Siborne ya ci gaba da aljihunsa da bashi. Aikin ya ci shekara takwas da kusan fam 3,000, kuɗi mai yawa a wancan zamani. A 1838 aka baje samfurin a Landan, da ƙananan sojoji fiye da 70,000 a kan fili mai faɗin kusan ƙafa 400 murabba'i. Mutane kusan 100,000 suka biya sule ɗaya-ɗaya suka kalla, amma Siborne bai fita daga bashi ba.

Babbar matsalarsa ma ba ta kuɗi ba ce. Shaidun da ya tara, har da na hukumomin sojan Furushiya, sun nuna masa cewa da ƙarfe bakwai na yamma dubban sojojin Furushiya ƙarƙashin Blücher sun riga sun shiga yaƙin sosai, suna fafatawa da Faransawa a ƙauyen Plancenoit. Ya jera su a inda shaida ta nuna. Wannan ya saɓa wa labarin da aka fi so a Landan, wanda ke ba Wellington da sojojinsa kusan dukkan yabon nasara. Wellington bai yi na'am da samfurin ba, manyan da za su iya taimaka wa Siborne suka ja baya. Daga bisani ya cire 'yan sojojin da ke wakiltar dakarun Furushiya kusan 40,000. Masanin tarihi Peter Hofschröer, a littafin da ya fitar a 2004, ya ɗora alhakin haka a kan matsin lambar Wellington, ko da yake wasu masana na ganin ya tsananta zargin. Siborne ya rasu a 1849. Samfurinsa yana nan a Gidan Tarihin Sojan Ƙasa da ke Chelsea a Landan.

Masu gina manyan tebura a yau sun gaji darussa biyu daga gare shi. Na farko, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na biyu, duk abin da aka ɗora a kan tebur magana ce game da abin da ya faru, kuma akwai wanda maganar za ta yi wa zafi.

Gardamar farko: ma'auni

A Birtaniya da sauran ƙasashen da wasan ya kafu, ƙungiyoyin 'yan wasa kan haɗu mako-mako a zauren unguwa ko bayan shago. Sau da yawa babban gini yana farawa ne da ranar baje koli, kamar taron Salute da ƙungiyar South London Warlords ke shiryawa duk shekara a Landan, inda ƙungiyoyi ke kawo teburansu a gani. Da zarar an karɓi gurbi, an ɗaura wa kai wa'adi ke nan.

Kafin a yanka komai sai an daidaita kan ma'auni, kuma nan ake fara sa-in-sa. Soja mai milimita 28 yana nufin an rage mutum kusan sau 56. Fagen Waterloo ya kai faɗin kilomita huɗu ko kusa da haka. Idan aka rage ƙasar da wannan ma'auni, ana buƙatar tebur mai tsawon mita 70 da ɗoriya, wanda sai dai a shimfiɗa shi a filin ƙwallo. Katanga mai mita 100 kaɗai za ta ci kusan mita biyu. Saboda haka kusan kowane tebur yana da ma'auni biyu: ɗaya na sojoji da gine-gine, ɗaya na ƙasa. Gida ɗaya kan tsaya a madadin ƙauye, soja ɗaya a madadin ashirin ko fiye. Siborne ma haka ya yi. Filinsa ya ragu kusan sau 600, inda ya kamata mutum ya zama milimita uku, amma sojojinsa sun ninka haka domin ido ya gan su.

Sai kuma iyakar da jikin ɗan Adam ya gindaya. Hannu ba ya wuce kusan santimita 90 idan mutum ya sunkuya, don haka tebur ba ya wuce faɗin santimita 180, in ba haka ba tsakiyarsa ta gagari kowa. Babban fili sai a raba shi dogayen tebura, a bar lungu a tsakani inda 'yan wasa za su tsaya. Sannan kowane yanki dole ya iya fita ta ƙofa ya shiga bayan mota. Wannan ne ya sa ake yanka filin gida-gida, galibi santimita 60 a kowane gefe, a raba wa mutane su kai gida.

A nan haɗarin gayya yake. Idan hanyar da ta fita daga yankin wani ba ta haɗu da ta maƙwabcinsa ba, ko da da faɗin yatsa ne, ido zai kama. Idan tudun wannan ya ƙare a tsawon santimita biyar, na wancan ya fara a bakwai, an samu gangaren da babu shi a tarihi. Ƙungiyoyin da suka ƙware kan zana taswirar gaba ɗaya a ƙasa tun farko, su yanka ma'aunin gefe na katako, kowa ya tafi da irin na ɗan'uwansa.

Soso, gam da tsinken ashana

Kamfanoni suna sayar da gidaje da bishiyoyi na roba waɗanda sai dai a haɗa. Amma babu kamfanin da ke sayar da kwarin da ake buƙata da ainihin lanƙwasarsa, kuma ko da akwai, kuɗin cika babban tebur zai yi yawa. Don haka ake gini daga tushe, da abin da hannu ya kai. Duk wanda ya taso yana fafe karan dawa yana ƙera mota, ko yana yanka gwangwani ya yi mata taya, ya san irin idon da aikin ke buƙata: idon da ke kallon shara ya ga kayan aiki.

Ana fara wa da falanki a ƙasa domin ƙarfi. A kai ake manna soso mai tauri, ɗan'uwan farin soson da ake tallafe sabon talabijin da shi a kwali, amma wanda magina ke sa wa a bango don tare sanyi, domin shi ba ya marmashewa. Ana jera shi hawa-hawa bisa layukan tsawo na taswira, a sassaƙe da wuƙa ko da waya mai zafi, a goge da takardar yashi. Gangaren ma sai an yi masa dabara: in ya cika tsayi sojoji za su riƙa zamewa, in ya cika kwanciya ba zai ɓoye kowa ba, alhali dabarar Wellington a ranar ita ce ɓoye dakarunsa a bayan tudu.

Daga nan sai a shafe soson da farin gam na kafintoci, a barbaɗa yashi. Wannan mataki yana da tarko biyu da kusan kowane sabon magini ke faɗawa. Fentin feshi yana narkar da soso, don haka duk inda gam bai rufe ba zai zama rami. Sannan gam idan ya bushe a fuska ɗaya yana jan falanki ya lanƙwashe, sai an ƙarfafa shi da katako ta ƙasa. Bayan yashi ya kama, a yi fenti mai duhu, a bi da mai haske da buroshin da aka kusa share wa fenti duka, yadda zai taɓa saman ƙwayoyin yashi kawai. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a daren jajibirin Waterloo, don haka ƙasar dole ta fito a jiƙe, da sawun ƙafafun igwa a cikinta.

Hatsin da ke gonakin a watan Yuni ya yi tsawon da yake ɓoye mutum. Ana kwaikwayonsa da tabarmar goge ƙafa ta zaren kwakwa, a yanka ta gona-gona yadda za a iya ɗage yanki idan runduna ta tattake shi. Ciyawa kuwa da yadin gashi irin na 'yar tsana ake yi, a aske shi a rina. Bishiya waya ce ake murɗawa a ware mata rassa, a manna mata gutsattsarin soso mai launin ganye. Tsinken ashana da sandunan motsa shayi su ne shinge da ƙofofi. Rufin gida kuma kwali ne ake yankawa ƙanana-ƙanana a jera ɗaya kan ɗaya, aikin da kan cinye dare da yawa.

Ginin da ya fi jan hankali a kowane teburin Waterloo shi ne gidan gona na Hougoumont, inda aka yini ana gumurzu. A nan ne wasu Faransawa suka fasa ƙofar arewa da gatari suka kutsa, Laftanar Kanar James Macdonell da wasu dakarunsa suka yi ta maza suka mayar da ƙofar suka rufe. Mai gina Hougoumont dole ya yi ƙofar da ke buɗuwa da rufuwa, da rufin da ake ɗagawa a sa sojoji a ciki, da katangar lambu mai ramukan harbi. Sannan ƙungiya ta yanke shawara: gidan safe za a gina ko na yamma? Da rana wutar igwa ta cinye babban ginin, ɗan ƙaramin ɗakin ibada ya tsira. Dajin da ke kudu da gidan an sare shi tuntuni, 'yan bishiyoyi kaɗan suka rage. Wanda aka ba wannan yanki sai ya koma ga tsofaffin zane-zane da taswirori, ya zama ɗan bincike ko bai yi niyya ba.

Yadda ake tafiyar da gayya

Misali mafi fito da tsarin irin wannan aiki ya zo ne daga New Zealand. A 2015, domin cika shekara 100 da yaƙin Gallipoli, mai shirya fina-finai Peter Jackson ya sa a gina samfurin tudun Chunuk Bair na Turkiyya. A can ne bataliyar Wellington ta New Zealand ta hau ƙololuwa ranar 8 ga Agustan 1915, kuma cikin mutum kusan 760, kimanin 70 ne suka sauko ba rauni. Bayan kwana biyu Mustafa Kemal ya jagoranci farmakin da ya ƙwace tudun.

Tagwayen masassaƙa na Ingila, Alan da Michael Perry, suka ƙera siffofin sojojin masu milimita 54. Kamfanin Weta Workshop ya gina ƙasar. Tsohon babban hafsan tsaron ƙasar, Laftanar Janar Rhys Jones, wanda shi ma ɗan wasan ne, ya jagoranci aikin. Sojoji kusan 5,000, na New Zealand da na Turkiyya, aka rarraba wa masu sa-kai kimanin 140 daga ƙungiyoyin wasa na faɗin ƙasar, suka gama cikin 'yan watanni. An baje samfurin a birnin Wellington har zuwa 2018.

Wannan don kallo aka yi shi, ba don wasa ba, amma matsalolinsa su ne na kowace ƙungiya. Mutum 140 suna da hannu 140. Idan aka bar kowa ya zaɓi launin kaki da kansa, runduna ɗaya za ta fito kamar kasuwar atamfa. Maganin shi ne jagorar launi guda da kowa zai bi, da masu kula da shiyya da ke karɓar aiki su duba, da zaman ƙarshe inda ake daidaita abin da ya bambanta. Gwani dole ya rage gwanintarsa kaɗan, sabon hannu ya ɗaga tasa, domin idan aka jera su kada a gane na wane ne wannan.

A ƙaramar ƙungiya ma rabon aikin haka yake. Akwai mai binciken tarihi, akwai kafinta, akwai mai haƙurin yanka rufi, akwai wanda gudummawarsa ita ce garejinsa ko motarsa. Akwai kuma wanda ya karɓi yanki ya yi shiru har saura mako guda, sai a bi shi gida a karɓo a raba. Tambayoyin da ba a so a yi tun farko su ne ke raba zumunci daga baya: wa ya biya kuɗin soso, a gidan wa za a ajiye tebur bayan baje koli, kuma idan mutum ya bar ƙungiya, zai tafi da tudunsa ne?

Na'urar buga abubuwa masu jiki, wadda ke fitar da gida sukutum daga zanen kwamfuta, ta sauƙaƙa wani ɓangaren aikin, kuma ƙungiyoyi da yawa sun karɓe ta don tagogi da ƙafafun keke. Sai dai tudu da kwari har yanzu wuƙa da soso suke so, kuma zaman da ake yi ana sassaƙa tare shi ne abin da da yawansu ke zuwa nema.

Wa za a ɗora a kan tebur?

Akwai masu ganin bai dace a mayar da wurin da aka kashe ko aka raunata mutum kusan 50,000 a yini ɗaya abin wasa ba. Ƙorafin yana da tushe, kuma ba sabo ba ne. Wells, wanda mai ƙin yaƙi ne, ya kare kansa da cewa duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau kaɗan zai gane irin shirmen da babban yake. Shekara ɗaya bayan fitowar littafinsa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ba a saurare shi ba.

Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga waɗanda suka ga yaƙi da idonsu. Hafsoshi biyu na rundunar Coldstream Guards, Mark Evans da Charles Foinette, su suka kafa Waterloo Uncovered a 2015, bayan Evans ya yi fama da ciwon firgici sakamakon aikinsa a Afghanistan. Ƙungiyar ta riƙa kai tsofaffin sojoji, masu raunin jiki da na zuciya, su yi tono tare da masana a Hougoumont da Mont-Saint-Jean. Sun tono harsasan dalma da maɓallan kaki, a Mont-Saint-Jean kuma, inda asibitin fage yake, sun samu ƙasusuwan ƙafafun da likitoci suka yanke. Tsofaffin sojoji na cikin waɗanda suka yi wa sojojin Glasgow fenti. Aiki ne na natsuwa, hannu na motsi, kuma mutum na zaune kusa da wanda ya san abin da ya gani ba sai ya faɗa ba.

Bashin Siborne ma ana kan biyansa. Manjo Janar James Cowan mai ritaya, shugaban ƙungiyar HALO Trust mai kwance nakiyoyi, yana jagorantar wani sabon samfurin Waterloo da masu sa-kai daga ƙasashe da dama, da burin ya kai sojoji kimanin 100,000. An nuna wasu sassansa a 2021 a gidan tarihin da samfurin Siborne yake, kuma Plancenoit, ƙauyen da sojojin Furushiya suka zubar da jini, yana ciki.

Gayya tana da wata fa'ida a nan wadda mutum ɗaya ba shi da ita. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na rundunar Wellington 'yan Birtaniya. Sauran Jamusawa ne daga Hanover, Brunswick da Nassau, da 'yan Holan da Beljiyam. Gidan gonar La Haye Sainte ma Jamusawa kusan 400 ne ƙarƙashin Manjo Baring suka tsare shi har harsashi ya ƙare musu. Idan Bajamushe da Bafaranshe da ɗan Holan suna cikin masu fenti, da wuya a manta da rundunar wani, domin akwai wanda ya ɓata watanni a kanta kuma zai tambayi inda aka ajiye ta. Siborne shi kaɗai ne, bashi ya yi masa katutu, aka matsa masa ya cire. Matsa wa mutum ɗari, kowa da littafinsa a hannu, ya fi wuya.

Bayan an tashi daga baje koli, ana kwashe sojoji a mayar da su akwatuna, a ɗaga yankunan filin ɗaya-ɗaya a kai mota. Soso kan karye a gefe, bishiyoyi kan tsinke, ƙofar Hougoumont kan ɓalle. A zaman mako mai zuwa wani zai zo da gam, wani da ragowar fenti, a gyara abin da ya lalace, kafin wani ya buɗe taswirar wani filin ya tambaya ko akwai mai wurin ajiya.